Jegon da Na Yi a Ɗaki Mai Ƙafa

Shekarun baya, baya sosai, lokacin ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba, wani abu ya same ni wanda har yau in hadari ya haɗo sai na ji shi a ƙirjina. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubuta muku. Ku yi haƙuri da zancen tsohuwa, inda ya karkace ku miƙe shi da kanku.

A Kudan aka kai ni aure. Da cikin fari ya tsufa sai aka mayar da ni gidan iyayena goyon ciki, wani ɗan ƙauye a gefen Kurmin Kogi, ƙasar Ikara. Can na sauka lafiya, namiji, damina ta yi tsakiya. Aka yi suna, aka sa masa sunan mahaifin mijina. 'Yan biki suka watse, aka bar ni a hannun gwaggona, yayar mahaifina, ita ce mai yi mini wankan jego.

Gwaggon nan tawa ba a wasa da ita a kan jego, kuma tana da dalili. 'Yarta mace guda ɗaya jego ne ya tafi da ita. Ta kumbura, ƙafa kamar turmi, aka ce sanyi ne ya shige ta. Tun daga ranar Gwaggo ta ɗaura yaƙi da sanyi. Ruwan wankana sai ya tafasa yana tsalle a tukunya, kunun kanwa sai na sha har ya zo mini wuya, gadon ƙasa kuwa ta cika ƙarƙashinsa da wuta har bayana ya gasu. In na ce wash, sai ta ce, "Yi ta wash ɗinki, 'yar nan. Ina jin muryarki, hankalina a kwance yake."

Ana nan sai marka ta sauka. Ruwa ba safe ba yamma, ƙasa ta sha ta ƙoshi har tana mayarwa. Wata safiya ina bayan gida Gwaggo na fyaɗa mini ganye, sai muka ji rugum! Bangon ɗakin da nake jego ne ya rufta a kan gadon ƙasar. Allah ya sa yaron yana hannun mahaifiyata. Muka tsaya muna kallon ƙasa jiƙaƙƙiya a daidai inda kansa yake kwanciya. Sauran ɗakunan gidan kuwa kowanne na zuba, kuma cike suke da ƙannena.

To, a bayan gidanmu, ƙarƙashin wata ɗorawa, akwai wani abu da masu awon hanya suka bari. Da rani suka zo suna awon hanyar da aka ce za ta haɗa mu da Makarfi. Ɗaki ne na ƙarfe, fari, a kan tayoyi, ana ɗaura shi a bayan mota a ja shi duk inda aiki ya kai su. Akwai gado da katifa a ciki, da tagogi na gilashi. Mu dai ɗaki mai ƙafa muke ce masa. Da ruwa ya sauka rafi ya cika, sai suka tsallake da motar kawai, suka bar ɗakin, suka ba mahaifina mabuɗi suka ce ya yi gadi sai kaka. Ya rataya mabuɗin nan a wuya kamar laya. Ko kaza ce ta matsa kusa sai ya kore ta.

Gwaggo ta tarar da shi yana kallon bangon da ya faɗi. Ta miƙa hannu.

"Kawo mabuɗin nan."

"Yaya, kayan hukuma ne fa."

"Jikan naka kayan wa ne?"

"In wani abu ya fashe a ciki, ni za a ɗaure."

"In an ɗaure ka na riƙa kai maka tuwo. Kawo."

Ya cire ya ba ta, yana ta maimaitawa, "Don Allah gilashin nan, Yaya. Ku kula da gilashin nan. Ko a Zariya ban san inda ake samunsa ba."

Matan unguwa ba su so ba. Suka ce ɗakin da baƙi suka kwana, ba a san abin da suka bari a ciki ba, ga shi gindin ɗorawa, ga mai jego jikinta ɗanye, iskoki na son irin wannan. Gwaggo ta sa aka yi turare, aka yayyafa rubutu, ta cusa 'yar wuƙa a ƙarƙashin shimfiɗar yaron kamar yadda ake yi wa kowane jariri. Muka tare. Ni kuwa, ku ji wauta, murna nake yi. Ina kwance a kan katifa ina leƙen masara ta gilashi, ina jin kaina kamar matar Razdan, babban Baturen lardi.

Ruwan farko bayan mun tare ya sauke mini girman kan. Ashe kowane gilashi akwai wata baƙar roba da ta zagaye shi, ita ke hana ruwa shiga, rana ta gasa ta duk ta tsattsage kamar dunduniyar mai faso. Ruwan kuma munafuki ne. Ya shiga ta sama, ya bi cikin bango, ya ɓullo ta wani wuri dabam, daidai kan gado. Kafin a ɗauke, katifa ta jiƙe, zanen yaron ya jiƙe. Ya yi atishawa. Na ga fuskar Gwaggo ta sauya, irin sauyin da na san 'yarta ce ta faɗo mata a rai.

Muka cusa tsumma, tsumma ya sha ruwa ya riƙa ɗiga mana a hankali. Mahaifina ya kwaɓa laka da kashin shanu ya yaɓa, kamar yadda yake yi wa rumbu. Ƙarfe ba ya riƙe laka. Ruwa na taɓawa ta sulale ƙasa. Gwaggo ta dube shi ta ce, "Sannu magini. Allah ya sa ba kai ka gina ɗakin da ya faɗi ba." Shi ne kuwa ya gina. Sai ya zagaya ƙarƙashin ɗakin mai ƙafa ya jawo wani gwangwanin kwalta da masu awo suke shafa wa turakunsu saboda gara.

Sai da muka jira rana ta leƙo, don kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen wuri. Aka goge kowace taga ta bushe ƙarau, aka sa tsinke aka ƙwaƙule ruɓaɓɓiyar robar. Gwaggo ta narka kwalta a kasko, ta yayyaga tsohon zane sili-sili, tana tsomawa tana miƙa wa mahaifina, shi kuma yana dannawa da bayan wuƙa a tsakanin gilashi da ƙarfe. Daga ƙasa yake farawa ya yi sama, na sama ya hau kan na ƙasa, kamar yadda ake baibayar ɗaki. Ta ciki kuwa ni aka ba aiki. Danƙon kaɗanya da kakin zuma, irin wanda muke liƙe fasasshiyar ƙwarya da shi, ina murzawa a tafin hannu ina bin gefe-gefe da babban yatsa. In an gama taga ɗaya sai Gwaggo ta ɗauki buta ta kwarara ruwa ta waje, ta ce, "Ya shigo?" In na ce ga ɗan danshi, a sake.

Da aiki ya yi daɗi sai muka zarce. Bakin tagar, inda take buɗewa take rufewa, shi ma aka bi shi da kwalta. Gwaggo ta ce wa zai buɗe taga a tsakiyar damina? Mahaifina ya hau sama ya tarar da wata 'yar kafa mai murfi kamar faifai, murfin a ɗage kaɗan, in iska ta kaɗa feshi na shigowa ta nan. Ya danne ta ya shafe. A ƙasa kusa da ƙofa akwai wasu tsage-tsage a jikin ƙarfen, muka ce ai nan ma hanyar sanyi ce, muka toshe. Ƙasan ƙofa aka tanadi tsohon buhu. Maƙwabta har zuwa suke yi kallo suna sa albarka. Wallahi aiki ne mai kyau. Ko ɗigo bai ƙara shigowa ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska mai sanyi na gaba. Maza sun shige zaure, mahaifiyata na cikin gida tana kwashe shanya. Da yake babu gadon ƙasa, kaskon garwashi Gwaggo take kawowa ta ajiye kusa da ni in gasa jiki. Ran nan itace duk ya jiƙe, garwashin kaɗan ne, sai ta zuba masa ɗanyen gawayi da ta karɓo wurin maƙeri, ta fifita har ya kama. Ta ja ƙofa, ta tura buhu, ta ce, "Yau sanyi sai dai ya tsaya a waje ya yi sallama."

Ta zauna a ƙasa kusa da kaskon ta ɗauki kaɗinta. Ta leƙa yaron tana tsokanarsa, "Angona, ka ga gidan da na gyara maka? Saura cefane. Kullum barci, kullum nono, wane irin miji ne wannan?"

Ruwa ya kece. A kan ƙarfen nan ji kake kamar ana juye tsakuwa. Ciki kuwa ɗumi, lumus, babu hayaƙi ko kaɗan, garwashin ja wur, gwanin kyau.

Kaina ne ya fara. Can ciki, kamar ana daka a turmi mai nisa. Na ce ko kunun ne ban sha da yawa ba. Sai zuciyata ta fara tashi. Yaron yana kan cinyata yana shan nono, sai na ji ya saki. Na mayar masa, bai kama ba. Na sake, bakinsa ya zame.

Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. Ɗan fari ne. A zamaninmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari a gaban manya. Ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa da yawa, sunansa ma ba ta faɗa, balle wannan da yake ɗauke da sunan surukina. Na daɗe ina juya maganar a bakina, kunya na danne ta. Da ƙyar na ce, ina kallon bango, "Gwaggo, wannan ɗin ya ƙi kama nono."

Ta yi hamma. "Ɗumi ya ji. Ƙyale shi ya yi barcinsa. Ni ma nan kaina ya yi nauyi. Ina gaya miki, shekarar da aka yi farin nan, uwarki tana amarya, muka tafi rafi da ita, sai ga..."

Shiru.

Na jira in ji sai ga me. Sai na ji mazarinta ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin gado. Na juya. Kanta ya langaɓe a jikin bango, baki a buɗe, audugar na hannunta.

"Gwaggo."

Ba ta motsa ba.

"Gwaggo!"

A nan maganar matan unguwa ta faɗo mini. Na ce shi ke nan, masu ɗorawa sun shigo. Na fara karanta abin da na iya, harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba, in na kama aya sai ta kuɓuce a tsakiya. Na ɗaga yaron. Hannunsa ya zube, wuyansa ya zube, kamar jiƙaƙƙen zane. Leɓensa ja, kumatunsa ja, ya yi wani irin kyau da ban taɓa ganin ya yi ba. Kyan nan shi ya fi komai ba ni tsoro. Na kara kunnena a ƙirjinsa, ban san ko nasa nake ji ba ko dakan da ke cikin kaina.

Na ce bari in kai ƙofa. Ƙofar tana can ƙarshen ɗakin, ba nisa, amma da na sauke ƙafa sai na zube ƙasa. Amai ya zo. Na rarrafo na koma gadon da ƙyar, ɗakin yana juyawa, gefen idona yana yin duhu. Wani barci mai daɗi yana ja na, yana ce mini kwanta kaɗan, kaɗan kawai. Har yau in na tuna daɗin barcin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Na kira Baba. Muryar da ta fito ko ɗan kyanwa ya fi ta, ga ruwa na dukan ƙarfe. Na ce in buɗe tagar da ke kan gado in yi ihu ta nan. Ba iska nake nema ba, ban san iska ce maganin ba, mutane nake nema. Na tura. Na sa kafaɗa na tura. Ina! Mun iya aiki. Kwalta ta riƙe gam.

Hannuna ya faɗa kan wuƙar da ke ƙarƙashin shimfiɗar yaron. Na ɗaga ƙotarta, sai na ji muryar mahaifina, ku kula da gilashin nan, ni za a ɗaure. Wallahi sai da na tsaya. Ɗana na zube a cinyata, ina tunanin gilashin hukuma. Allah dai ya yafe mana ƙuruciya. Na buga, bugun bai da ƙarfi. Na haɗa hannu biyu na rufe ido na sake bugawa. Ya tarwatse. Wani yanki ya yanke ni a tsintsiyar hannu, ga tabon nan har yanzu, a lokacin ko ji ban yi ba.

Na tura kaina waje. Ruwa ya mare ni, iska ta shiga hancina kamar ruwan randa, na ji duhun idona yana ja da baya. Ban tsaya tunani ba. Na jawo yaron na fitar da fuskarsa ta kafar nan, cikin ruwan sama, jaririn da bai yi arba'in ba, wanda muka yi kwana da kwanaki muna tare masa ɗigo ɗaya. Ruwa na zuba a goshinsa yana gangarawa. Bai motsa ba. Na hura masa fuska. Na jijjiga shi. Bai motsa ba.

Sai na kira sunansa. Da dukan abin da ya rage a ƙirjina na kira shi, sunan surukina gatsau, na sake kira, na sake.

Ya yi wata 'yar zabura. Ya yi tari kamar na ɗan akuya. Sannan kuka ya fito, siriri, yana yankewa yana dawowa.

Mahaifiyata ta ce ita ba ta ji fashewar gilashi ba, ba ta ji ina kiran Baba ba. Ta ce, "Sunan nan na ji a bakinki, na ce yau babu lafiya." Ta fito ko mayafi babu tana kururuwa. Mahaifina ya fizge ƙofa, ya ce yana sa kai ciki ya ji jiri ya ɗebe shi. Shi da maƙwabcinmu suka jawo Gwaggo suka shimfiɗe ta a kan ciyawa, ruwa na dukanta, ana ta salati, ana murza mata tafin ƙafa. Ni ma aka fito da ni, ina zaune a taɓo rungume da yaron, jini na bin hannuna, ba wanda ya tuna cewa mai jego ce a cikin ruwa. Sai wajen la'asar sakaliya Gwaggo ta buɗe ido. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta gan ni jiƙe sharkaf. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ku rufe ƙofa mana, sanyi zai kama yarinyar nan."

Ta tashi, amma ba duka ta dawo ba. Hannunta ya riƙa rawa, ba ta ƙara kaɗi ba, takan ajiye abu ta manta. Har ta koma ga Allah ba ta yarda wutarta ce ba. Ita dai masu ɗorawa ne. Ba wanda ya yi mata musu, ni ma ban yi ba. A zaure aka kewaye mini gefe da zana na ƙarasa arba'in ɗina.

Da kaka masu awo suka dawo. Mahaifina ya tara fasasshen gilashin a ƙwarya, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya yi sallama da mu kamar mai tafiya gidan yari. Babban nasu, wani mutumin Zariya, ya saurare shi har ƙarshe. Ya zagaya ɗakin, ya hau sama ya ga kafar da aka shafe, ya sauko ya zauna a kan tushen ɗorawa. Sannan ya ce, "Baba, ta nan ɗakin yake numfashi. Gawayi yana fitar da wani abu da ba a gani, ba a jin warinsa. A ɗakin ciyawa ta jinka yake ficewa, shi ya sa bai taɓa yi muku komai ba." Mahaifina ya tura masa ƙwaryar. Ya ture ta gefe ya ce, "Gilashi ana samun wani. Ina yaron? A kawo shi in gani."

Abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai shi ne, duk cikinmu babu wanda ya yi sakaci. Ƙauna ce ta narka kwalta, ƙauna ce ta hura gawayi. Kowa ya yi abin da ya gada, ya kuma yi shi da kyau, ɗakin ne ba irin wanda muka gada ba. Yanzu ga ku nan duk kun koma ɗakunan siminti da rufin kwano da gilashi, in sanyi ya zo ku ja komai ku rufe, ku shigo da kasko, wasu har janareto. Ku liƙe inda yake yoyo, ban hana ba, ruwa ba abokin zama ba ne. Amma kafar da kuka tarar maƙerin abu ya bari da gangan, ku tambaya kafin ku toshe. Wuta kuma ba ta zama da mutum a rufaffen ɗaki.

Ni dai tun daga ranar ban ƙara zama a ɗakin da aka rufe ruf ba. Jikokina na yi mini dariya, wai Kaka da taga kamar mai jiran baƙo.

Daminar da ta wuce ya zo gaishe ni, shi ɗan nawa. Ya tsufa, gemu fari fat, shi ma da jikokinsa. Bayan azahar ya kishingiɗa a tabarma a ɗakina, sai ruwa ya sauko. Ya yunƙura zai ja taga.

Na ce, "Bar ta."

Ya ce, "Inna, feshi na shigowa."

Na ce, "Na gani. Matsar da tabarmarka."

Ya matsar, ya koma ya kwanta, barci ya ɗauke shi. Feshi ya jiƙa mini gefen zane, ban gusa ba. Na ajiye carbina na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka, har aka ɗauke ruwan.